Layin Dogo a Ƙarƙashin Kujeru

Wata biyu ke nan da dawowata daga Amurka, amma har yanzu in an tashi sujada sai an tare ni a ƙofar coci. Wani ya tambayi sanyi, wani abinci, wani kuma so yake ya ji ko kunne yana toshewa a jirgin sama. Ina amsawa iyakar iyawata. Sai dai akwai maganar da ba ta faɗuwa a tsaye mutane na wucewa, shi ya sa na sayi littafi na zauna in rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba. Sauran a reluwe na koya, inda na yi aikin gyaran dogo a nan Kafanchan, daga lebura har na zama helma, wato shugaban leburori. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Duk wanda ya san gidana ya san ɗana Bulus ya rasu a can bara, bayan gajeriyar rashin lafiya, kuma can aka binne shi. Abin da ba a sani ba shi ne, fiye da shekara goma ina gaya wa mutane Bulus injiniya ne. Karatun injiniya ya tafi yi, wannan gaskiya ne, amma bai gama ba. Ya bari ya kama aiki a wani filin wasa. Ranar da ya gaya mini a waya na ce masa, "Ka ƙetare teku don ka share fili?" Daga ranar, da zarar ya fara zancen aikinsa sai in miƙa wa uwarsa wayar. A haka muka zauna har Ubangiji ya kira shi.

Da aka kusa cika shekara, dangi suka ce a kafa masa dutsen tunawa a ƙauye, kusa da kabarin kakansa. Ƙanena Ayuba, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, shi ya tsara rubutun, ya sa "Injiniya Bulus Dauda". Har ya kai wa mai sassaƙa. Na ce a dakata.

"Yaya, a dakata da me?" in ji Ayuba.

Na yi ƙaryar nan da baki shekara da shekaru, amma a sassaƙa ta a dutse sai na ji ba zan iya ba. In kuma an cire injiniya, ban san me za a sa ba, tunda ban taɓa barin yaron ya gaya mini aikinsa ba. Ana cikin haka matarsa Rahila, 'yar garin Madakiya da ke aikin nas a can, ta aiko mini da takardar gayyata. Na ce wa Ayuba mai sassaƙa ya jira in dawo.

Maganar biza ba zan ja ta ba. Na tsaya gaban gilashi, wani saurayin bature ya tambaye ni me zan je yi, na ce zan je ganin kabarin ɗana. Ya tambaya ko zan dawo. Na ce matata tana gida, cittata kuma tana gona. Ya dube ni kaɗan, ya karɓi fasfo.

Da safen tafiya Maman Bulus ta zaga bayan ɗaki, inda aka binne cibiyarsa, ta ɗebo ƙasa ta ƙulle a hankici. Ta sa a jakata kusa da acca da citta da daddawa da busasshiyar kuɓewa da ta shirya wa Rahila. Ta ce, "Ka zuba masa." Ba ta raka ni tasha ba.

Ayuba ya raka ni Abuja, ya kuma ba ni aron kwat ɗinsa na zuwa taro. Muka bi ta Gidan Waya. Saura kaɗan mu shiga Gwantu taya ta fashe. Direban yaro ne, yana ta kokawa da noti guda da ya cije, yana hawa kan sifana da ƙafa. Na ce ya sauka kafin ya karya ƙusar. Na sa aka ɗiga wa notin mai, na ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, sannan na kwance, ya taho ba gardama. Hannun kwat ɗin Ayuba ya sha baƙin mai. Wata mai doya da muke tafe tare ta ce, "Baba, wannan kwat haka, biki ne?"

Na ce, "Amurka za ni."

Ta ce, "Amurka ta Gwantu ake bi? Da na sani ai da tuni na kai doya."

Duk motar aka yi dariya, ban da Ayuba da ke kallon hannun kwat ɗinsa.

A jirgi kuskure biyu na yi. Na farko, na cire takalmi don in huta, da aka zo sauka ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga, sai da na take bayan takalmin kamar silifa. Na biyu, a ƙasar da muka canja jirgi wata mata ta zo da keken marasa lafiya tana riƙe da takarda mai sunana. Rahila ce ta shirya haka. Na ce mata mutumin da ya taka dogo daga Kafanchan zuwa Kagoro kullum ba ya buƙatar keke. Na tafi da ƙafata. Na yi ta tafiya ina bin kibiya, bayan dogon lokaci na sake ganin shagon turaren da na wuce tun farko. Matar tana nan tsaye a wurin da keken. Na zauna a kai.

A kan iyakar Amurka ana tambaya ko kana ɗauke da abinci ko tsiro ko ƙasa. Na faɗi gaskiya. Aka kai ni wani tebur, wata ma'aikaciya mai safar hannu ta buɗe jakar. Acca ta wuce, citta ta wuce. Daddawa ta sa ta ja da baya, amma ita ma ta wuce. Sai ta ɗaga hankicin.

"Wannan fa?"

"Ƙasa ce."

"Ta mece ce?"

Na yi mata bayani da Turancina na reluwe. Ta saurara har na gama. Ta ce doka ta hana shiga da ƙasa, saboda ƙwari da ciwon shuka. Ban yi gardama ba. Ni ma manomi ne, na ga abin da ciwo ya yi wa citta a Kachia da wajajenmu. Abu ɗaya na lura, ba ta jefa ƙullin a kwandon shara a gabana ba. Ta ɗauke shi da hannu biyu ta ajiye a gefe, ta ce ta yi mini ta'aziyya. Na gode mata na wuce.

Rahila ta tarye ni da jikata Alheri, wadda Hausarta ba ta wuce "Sannu Kaka" ba. Gidansu na katako ne, in mutum ya yi tafiya a sama ana ji a ƙasa. Ranar farko Rahila ta tuƙa tuwon acca da miyar kuɓewa, na ci na ji kamar ina gida, sai dai shiru. Unguwar babu kukan akuya, babu mai talla, babu wanda zai leƙo ya ce an yi baƙo. Kowace safiya ina fita in gai da maƙwabcinsu yadda ya kamata, in tambayi kwanan iyali, da gajiya, da aiki, da jikin matarsa. A rana ta uku ya tare Rahila yana tambaya ko mun ji wani abu ne game da lafiyar matar tasa. Daga nan na koma ɗaga hannu kawai, yadda suke yi.

Ranar Lahadi bayan sujada muka je maƙabarta. Wurin kamar filin makaranta yake, ciyawa a aske, duwatsu a kwance a jere. A wurinmu mutum yana kwanciya kusa da iyayensa. Bulus yana tsakanin mutum biyu da ban iya karanta sunayensu ba. Dutsensa suna ne kawai a kai. Na tsaya hannuna babu komai. Na yi addu'a gajeriya. Da na kira Maman Bulus na gaya mata an karɓe ƙasar, sai ta ce, "Ka tsaya a kansa da ƙafarka?" Na ce na tsaya. Ta ce, "To."

A mota muna komawa na yi tambayar da ta kawo ni.

"'Yata, wane aiki mijinki yake yi?"

Ba ta dube ni ba, idonta yana kan hanya. Ta ce, "Baba, sai yanzu?"

Na ce, "Sai yanzu."

Da muka tsaya a danja ta ce ita ba za ta iya bayanin yadda ya kamata ba, amma akwai wanda zai iya.

Sunansa Walta, tsohon shugaban ma'aikatan filin. Baƙar fata ne, ƙato, yana ɗingishi, ya kusa sa'ata. Ya zo da tsohuwar a-kori-kura, ya kama hannuna ya riƙe ya ƙi saki. Su a can Pol suke kiran Bulus. Ya ce, "Kai ne uban Pol? To yau na ga inda taurin kan ya fito." Turancinsa da sauri yake, Rahila tana cike mini abin da ya wuce ni.

Filin yana bakin gari kusa da kogi. Zagayayye ne kamar bakin tukunya, tsayinsa ya fi kowane gini a Kafanchan, an kewaye shi da waya. Ciyawa ta fito a wurin ajiye motoci. An daina wasa a cikinsa, ana jiran rushewa, amma makulli yana hannun Walta don shi ke gadin abin da ya rage. Tsohuwa yake kiran filin. Yana buɗe kwaɗo yana cewa, "Tsohuwa, tashi, kin yi baƙo daga Afirka."

Muka zauna a kujerun sama, ya fito da gyaɗa mai ɓawo a leda, ya ba ni tarihin wurin. Ya ce a zamanin ubansa garin yana da wasa biyu da mutane ke so. Ɗaya besbol, wanda ake yi lokacin zafi: mutum ya jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya doke ta da sanda kamar ƙaramar taɓarya, ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu. Ɗayan shi ne ƙwallon ƙafarsu na lokacin sanyi, wanda da hannu ake yinsa ana ture juna. Filin na farko kamar buɗaɗɗen mafici yake, na biyu kuma dogo ne mai kusurwa huɗu kamar namu. Hukumar gari ta ce ba za ta gina biyu ba, a gina ɗaya ya ɗauki duka. A lokacin garuruwa da yawa haka suka yi, ana ganin wayo ne. Ranar da aka buɗe, ubansa ya kawo shi a kafaɗa.

Ba wasa kaɗai aka yi a ciki ba. An yi taron wa'azi, mawaƙa sun cika shi, an kawo manyan motoci masu ƙatuwar taya suna take ƙananan motoci, mutane na tafi. Wannan na ƙarshe na sa Rahila ta sake fassara mini, don na ɗauka ban ji daidai ba. Ya nuna mini inda wani ya doki ƙwallo ta kai har kujerar sama, aka shafa wa kujerar fenti dabam don tunawa. Ya nuna inda ya durƙusa ya nemi auren matarsa a gaban jama'a. Na ce a wurinmu kawunnai ake turawa. Ya ce da ya san haka da gwiwarsa ba ta lalace ba.

Ina tara ɓawon gyaɗa a hannu ina neman inda zan zuba. Ya ce in watsar a ƙasa, haka al'adar kallon besbol take. Sannan ya ce, "Ka san wa ke share wannan? Ɗanka. Da tsintsiya ya fara a hannuna."

Ashe abin da na faɗa masa a waya ba ƙarya ba ne. Na zuba ɓawon a aljihu.

Ya ci gaba. Ya ce daga baya mutane suka gaji da filin. Masu besbol suka ce kujeru sun yi nisa, masu ɗayan wasan suka ce kujeru ba sa fuskantar inda ya kamata. Gini ɗaya da aka yi don kowa sai ya zama bai gamsar da kowa ba. Ƙungiya ɗaya ta gina nata ta tashi, bayan wasu shekaru ɗayar ma ta tashi. Aka bar wa 'yan makaranta, sannan lokacin korona aka yi allura a wurin ajiye motoci, daga nan aka rufe. In an rushe, za a kafa farantin tagulla a daidai inda mai dukan ƙwallo ke tsayawa. Kujerun ma mutane na zuwa suna ɗauka su kai gida.

Na tambaye shi yadda fili ɗaya ke zama siffa biyu.

Ya miƙe ya ce, "Yauwa. Zo ka ga ofishin ɗanka."

Muka sauka ta matakala, ya buɗe wata ƙofar ƙarfe a ƙarƙashin kujerun ƙasa, ya kunna tocila. Kafin in ga komai hancina ya gaya mini. Warin giris da tsohon ƙarfe. Da haske ya sauka ƙasa sai ga layin dogo, guda biyu a jere, sun lanƙwasa sun bi zagayen filin. A kansu ƙafafun ƙarfe ne kamar na tarago, a kan ƙafafun kuma duk wannan sashe na kujeru yake zaune, wurin zaman dubban mutane. Ashe in za a canja wasa, jan sashen ake yi gaba ɗaya a kan dogo, a juya shi ya fuskanci wani gefe. Sannan a kwashe tudun da mai jifa ke tsayawa, a rufe jar ƙasa da ciyawar da aka yanko kamar tabarma, a ja sababbin layuka. Akwai watannin da wasannin biyu ke haɗuwa, a yi wannan aikin gaba da baya cikin mako ɗaya.

Walta ya ce wata shekara, saura kwana biyu a yi babban wasa, sashen ya cije a tsakiya. Ba gaba ba baya. Aka kira injiniyoyi daga waje, suka zo da na'urori, suka ce injin da ke jan sashen ne ya gaza, sai an kawo wani. Bulus yana gefe da tsintsiyarsa. Ya zo ya ce a ba shi aron guduma.

"Na ce masa, yaro, koma kan gyaɗarka. Ya ƙi tafiya. Ya tsaya yana kallona kamar yadda kake kallona yanzu. Na ba shi don ya rabu da ni."

Ya ce Bulus ya shiga ƙarƙashi a durƙushe, yana tafiya yana ƙwanƙwasa dogon, yana sa kunne. Mutane na dariya. Can ya tsaya ya ce nan ne, simintin ƙarƙashi ya zauna, dogon ya nutse, ƙafar ta faɗa rami. Aka auna aka ga haka ne. Suka ɗaga da jak, suka cusa faranti a ƙarƙashi, suka ɗaure, tsohon injin ya ja sashen ya tafi. Daga ranar aka karɓe tsintsiyar. Kafin 'yan shekaru shi ke riƙe da mutanen da ke canja filin, ba a motsa kujera ɗaya sai ya taka layin daga farko zuwa ƙarshe ya ce a ja.

Ya haska jikin dogon ya ce, "Ga rubutunsa. Mu dai mun haddace, amma ba mu san daga ina ya samo ba sai da ya gaya mana."

Alamomi ne, da fenti ruwan ɗorawa aka yi su. Zobe a wurin da noti ya saki. Gicciye a wurin da dogo ya nutse. Waɗannan duk mai aikin dogo ya san irinsu. Amma a ƙarƙashin kowanne akwai layi mai lanƙwasa a ƙarshe kamar fartanya. Wannan ba ta reluwe ba ce, tawa ce. Ita nake yi da alli in na gyara wuri na sake dubawa da kaina, don in wani abu ya faru a san wanda za a tambaya. Lokacin hutun makaranta Bulus yakan kawo mini abinci a layi, ya bi ni a baya zuwa gida. Ban taɓa zaunar da shi na koya masa ba. Ban ma san yana kallo ba.

Na bi layin ina ƙirga fartanya har na daina ƙirgawa. Rahila ta tsaya a bakin ƙofa ta juya mana baya.

Na ce wa Walta ko akwai guduma. Ya kawo daga mota. Na cire kwat na ba shi ya riƙe, na durƙusa na fara daga farkon layi. Dogo mai lafiya yana amsawa da murya mai tsawo, wanda ya saki kuwa sai ya yi kamar an doki fasasshiyar tasa. Shekara nawa da rufe wurin, amma layin yana amsawa daidai, gaɓa bayan gaɓa. Lanƙwasar ma an ba ta haƙƙinta. Na yi aiki da mutane da yawa, na san hannun mai gaggawa, na san na mai tsoron shugaba, na kuma san na wanda ke yi don kada wani ya ji ciwo. Wannan na ukun ne.

Kusa da ƙarshe wuri ɗaya ya amsa ba daidai ba. Noti ne ya saki, babu alama a kansa, bayan tafiyarsa ne ya saki. Na ce a ba ni sifana.

Walta ya ce, "Mista Dauda, rushe wurin nan za a yi."

Na ce, "Na sani."

"Babu wanda zai sake jan kujerun nan har abada."

Na ce, "Na ji. Ba ni sifana."

Ya yi dariya har yana share ido da hannun riga. Ya ce wa Rahila, "Kin gani? Shekara nawa ina fama da wannan halin." Ya je ya kawo. Na ɗaure notin, na sake ƙwanƙwasawa, ya amsa. Babu alli a wurin, na yi alamar da yatsa a cikin giris.

Da muka fito haske na tambaye shi sunan aikin Bulus a takarda. Ya faɗi wani dogon suna na Turanci. Na ce a bar takarda, mutanensa me suke ganinsa? Ya ce shi ne mai layin, in ya ce a tsaya kowa ya tsaya, har manyan ofis. Na ce a wurinmu helma ake cewa. Ya maimaita kalmar sau biyu, bai iya ba, muka bar ta haka.

Sauran kwanakin ba su da labari mai yawa. Walta ya kai ni sabon filin besbol muka kalli wasa. Awa uku ana yi, ban gane wanda ke cin wani ba sai da aka tashi. A tsakiyar wasa duk jama'a suka miƙe tsaye suna waƙa suna miƙa, ni ma na miƙe na sunkuyar da kai don na ɗauka addu'a ce. Filin yana da kyau, amma kujerunsa a kafe suke, babu abin da ke motsi a ƙarƙashi. Kafin in taho na koma maƙabarta ni kaɗai, Rahila ta jira a mota. Abin da na faɗa a wurin tsakanina da shi ne.

Da na iso gida na zauna na ba Maman Bulus labarin duka, dogon da gudumar da alamar. Tana tsince acca ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Na sani. Har ranar da aka ba shi riƙon mutanen ya kira. Kai ka ɗauka, ka miƙo mini."

Ta tura mini tiren ta ce in taya ta tsinta.

Washegari na je wurin Ayuba da takardar rubutun, na soke kalmar farko na rubuta wata a ƙasan sunan. Ya sa tabarau ya karanta.

"Yaya, helman dogo? A Amurka? Duk garin nan sun san shi da injiniya."

Na ce, "A bakina suka ji. Ni zan gyara."

"Za a yi magana."

Na ce, "A yi. Ranar Lahadi zan fara da kaina, a gaban coci."

Haka na yi. Ban yi dogon jawabi ba. Na ce ɗana bai gama karatun injiniya ba, ni na ƙara masa, kuma abin da ya zama ya fi abin da na ƙara. Sai na zauna.

Ranar kafa dutsen mutane sun zo daidai gwargwado. A cikinsu akwai tsofaffin abokan aikina uku na reluwe, waɗanda suka rage. Bayan fasto ya yi addu'a, babbanmu Baba Markus, wanda a hannunsa na koyi riƙe guduma, ya matso da sandarsa. Idonsa ya yi rauni, sai da aka karanta masa. Ya cire hula. Sannan ya yi mini tambayar da muke yi wa duk wanda aka ce mai aikin dogo ne.

"Wane layi ya riƙe?"

Na ce, "Gajere ne, Baba. Bai kai daga tasha zuwa kasuwa ba. Amma wurin zaman dubban mutane ke kansa."

"Ya taɓa kayarwa?"

Na ce, "Ko sau ɗaya. Na taka layin da kaina, na ƙwanƙwasa."

Ya gyaɗa kai, ya dafa dutsen, ya ce, "To, ya yi aiki."